Jan Layin Kaka Malam

Zuwa ga Kaka Malam,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan takardar nan ta iske ka lafiya, jiki da ƙarfi. Na san za ka yi ta juya ambulan kana cewa wace ce kuma wannan, to bari in faɗa maka. Ni ce autar Inna mai ɗinki, jikar marigayiya 'yar'uwarka, wadda mahaifinta da naka wa da ƙane ne. Sau ɗaya ka taɓa ganina, lokacin da ita kakar tawa ke kwance a asibiti ka zo dubiya. Ina ƙarama sosai, na dame ka da tambaya har ka ce a fitar da ni waje in sha iska, kai ma ka sha.

Inna ce ta ba ni adireshinka. Ta ce kada ma in gwada kiran waya, kunnenka ya yi nauyi, sai dai mu yi ta yi wa juna ihu a banza.

Yanzu ina aiki a sashen wanki na wani babban asibiti, tafiyar yini guda daga gida. Zanin gado muke wankewa, mu goge, mu ninke, gobe ya dawo mana kamar ba mu taɓa shi ba. Ƙarar injuna ba ta barin a yi hira. In na tashi sai in koma ɗakina a bayan asibitin, ni kaɗai, tun da abokiyar zamana ta bar aikin ta koma garinsu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Akwai makarantar koyon jinya a jikin asibitin nan, kullum ina hango ɗalibanta ta tagar ɗakin guga. Ita nake so in shiga. Duk darussan jarrabawar gama sakandare na ci, ban da Turanci. Sau biyu ina zama, sau biyu yana kayar da ni. Makarantar kuwa tana da iyakar shekaru, in bana ta wuce ni shi ke nan, na tsufa a wajensu. Nan da 'yan watanni za a rufe rajistar jarrabawa, amma ban yi ba tukuna. Na yi wa kaina alkawari ba zan sake shiga ɗakin jarrabawa ba sai wanda ya san abin ya duba aikina ya ce zan iya. Ba zan jure faɗuwa ta uku ba, Kaka, tsakani da Allah nake faɗa maka.

Inna ta ce ƙuruciyarka duk a koyar da Turanci a sakandare ta ƙare. Ko za ka taimaka ka maimaita mini nahawun tun daga tushe? Ga shafi guda na rubuta a kan aikina, don ka ga inda ciwon yake. In ba ka da hali ba komai, gaisuwar ma ta isa.

Jikarka ta ɗakin wanki.

*

Jikalle,

Na amsa sallamarki, na karɓi gaisuwa hannu biyu. Lafiyata ƙalau, in ban da gwiwa da kunne da ido, wato in ban da ni gaba ɗaya. Na tuna ki sarai. Ke ce kika tambaye ni me ya sa gashin kunnena ya fi na kaina yawa. Har yanzu ban samo amsa ba, kuma abin sai gaba yake yi.

Kin ce in ba ni da hali. Hali kam sai dai in rasa inda zan kai shi. Ni kaɗai nake yawo daga ɗaki zuwa ɗaki a gidan nan tun da uwargidana ta rasu. 'Ya'yana biyu sun yi nisa, kawunki na can wani gari wajen aikinsa, gwaggonki na can wani. Sukan kira, in ga waya na haske, in ɗauka in yi ta cewa "to, to, madalla," alhali ko kalma ɗaya ban ji ba. Mai kawo wasiƙu ma sai da ya sake duba lambar gidan kafin ya ƙwanƙwasa.

Na karanta shafinki. Ciwon bai kai yadda kike tsammani ba. Kalmomi kina da su, zaman lafiya ne babu tsakaninsu. Mu fara da mai aiki da aikatau. A Turanci, in mutum ɗaya ake magana a kansa, ba ni ba, ba ke ba, kuma abin da ya saba yi ne, to aikatau sai ya ɗauki s a wutsiya. Kin rubuta "she wash". Kin danne mata haƙƙi, "she washes" ne. In suka zama su biyu sai a karɓe abin, a ce "they wash". Ɗalibaina sukan yi ƙorafi wai abin a juye yake, tilo da s, jam'i babu. Nakan ce musu ba ni na ƙirƙiro harshen ba, ni ma iske shi na yi.

Sai ƙananan nan guda biyu, "a" da "the", waɗanda kike zubarwa a hanya kamar ba ki san darajarsu ba. In abu baƙo ne a zancenki, karon farko ke nan da kika ambace shi, ki ba shi "a". In mun riga mun san shi ni da ke, ki ba shi "the". Kada ki bar suna tilo yana tafe tsirara.

Ga sharaɗina: shafi ɗaya kowane mako, ko kin gaji ko ba ki gaji ba. Na yi wa shafinki abin da na saba yi wa takardun ɗalibaina. Jan layi bai fi biyu uku ba a wannan karon, farawa ce. Ki riƙa zama da jan layukan nan kina karanta su da ƙarfi har su zauna miki a kai, don haka na ja su.

Ki gaishe da Innarki in kun yi waya, ki ce mata na gode da tallata kurumtata.

Kakanki Malam.

*

Kaka Malam,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gwiwa? Inna ta ce ka riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, ka kuma rage taurin kai, wai ta san ba za ka yi ko ɗaya ba. Ni lafiya lau, sai bayan hannu da dutsen guga ya ɗan lasa, ya ma warke.

Takardunka na isowa kowane mako. Ranar da ake raba wasiƙu, akawun ofishin asibiti ya daina tambayata wa nake nema, da ya hango ni sai ya miƙo. Kafin ka fara rubuto mini, sai in yini ban buɗe baki ba in ban da sannu da sai anjima. Yanzu kuwa da zanin gado nake hira. In na ɗauko ɗaya in ce "it dries", in na ɗauko biyu in ce "they dry". Shugabar sashenmu ta kama ni shekaranjiya, ta tsaya ta kalle ni ta ce, "Ke, lafiyarki kuwa?"

Shuɗaɗɗen lokaci ne ya sha mini kai. Ka ce a liƙa "ed" a ƙarshen aikatau, ina murna na sami hanya, sai ga ka da gungun masu taurin kai da ba sa karɓa. Wai "go" ya koma "went". Ina dangantakarsu, don Allah? Ko ni da kai mun fi su kusa. Na dai rubuta su na manna a bango saitin inda nake shan shayi.

Amma Kaka, me na yi wa bironka? Shafin farko layi biyu uku, na makon jiya kuwa kamar an yanka kaza a kansa. Ina zama da su kamar yadda ka ce, in karanta da ƙarfi, in sake, in sake, har maƙwabciyata ta buga mini bango. Ina iya ƙoƙarina.

Ranar hutu ita ta fi mini wuya. Duk ɗakunan layinmu sai ka ji baƙi, wannan ƙanwarta ta zo, waccan mijinta da yara. Ni sai in kwaso kayana da ba su yi datti ba in sake wankewa, don dai hannu ya sami abin yi. Kewar gida na damuna ƙwarai. In na zauna rubuta maka shafinka ne kawai nake manta cewa ƙofata ba wanda zai buga.

Ga na wannan makon, a kan ranar da na fara aiki a nan.

Jikarka.

*

Jikalle,

Na gaishe ki, na gaida hannun da guga ya lasa. Gwiwa na nan yadda kika san ta. Ki faɗa wa Innarki na gasa sau ɗaya, saura taurin kan.

Yankan kazar nan ya sa ni dariya har da tari. Ai kaɗan kika gani, yarinya. Sabon jan biro na aika aka sayo mini takanas dominki. Mai shagon bakin layinmu tsohon ɗalibina ne, da na je sayen sukari sai na tafi da shafinki na nuna masa. Ya daɗe yana kallon jan yana girgiza kai, ya ce shi duk zamansa a ajina bai taɓa samun rabin haka ba. Na ce masa ai ba kowa ba ne jikata.

Inda na ɗiga fensir a gefen shafi, ga bayaninsu. Na farko, kin fara labari a jiya, kina tsakiya sai kika tsallako yau ba sallama. In kin shiga shuɗaɗɗen lokaci ki zauna a ciki har ki gama, kada ki riƙa leƙe. Na biyu, "in" da "on" da "at". Wata da shekara "in" ne, rana "on", ƙarfe kaza "at". Daga babba zuwa ƙarami, haka za ki riƙe. Na uku, waƙafi. Kina watsa shi ko'ina kamar mai ba kaji hatsi. Ki karanta jimlar a fili, inda numfashi ya nemi hutu kaɗan nan ne wurinsa, inda magana ta ƙare kuma ki sa aya ki huta.

Kin ce ƙofarki ba mai bugawa. Tawa ma haka. Da hantsi nakan jawo kujera bakin taga, don nan ne kawai haske ke isata, in ɗora shafinki a cinya in bi shi da madubin ƙara girman rubutu. In na gama sai in ga yinin ya yi mini tsawo ba dalili. Shi ya sa nake raba shi biyu, rabi yau rabi gobe, kada ya ƙare da wuri. Wannan tsakanina da ke ne.

Ido kuwa likita ya ce yanar ido ce ta rufe shi, sai an yi aiki. Kawunki ya nace zai zo ya ɗauke ni zuwa wajensu, bai dai faɗi rana ba. Kafin nan ga tsohuwar takardar jarrabawa na tono a akwati. Ki zauna ki amsa ta duka, nahawu da insha'i, a zama ɗaya, ba leƙen bango. Ita za ta nuna mana inda muke.

Kakanki Malam.

*

Kaka Malam,

Ina gaisuwa. Allah ya sa aikin idon ya zo da sauƙi, ya sa a yi a sa'a. Ka daina karatu in ya fara yi maka zafi, ba na so a ce ni na ƙarasa shi.

Ban ji daɗin kai wa mai shago takardata ba, amma kai kaka ne, ba a yi maka faɗa.

Na yi jarrabawar ranar hutuna. Na sauke takardun bango na kife su, na ajiye agogo a kan tebur, na rufe ƙofa kamar akwai mai shigowa. Na zauna na fara. Ban tashi ba sai da na sa ayar ƙarshe. Ga ta nan, ban gyara ko harafi ɗaya ba.

An liƙa sanarwa cewa ƙarshen watan gobe za a rufe rajista. Yanzu magana ta rage gare ka. Kada ka lallashe ni, kada ka ji tausayina don ina jikarka. Ka duba ta yadda za ka duba ta baƙo. Abin da na gani a kan takardar nan in ta dawo, shi zan bi. In alama ta nuna zan iya, washegari zan je ofishin rajista. In ba haka ba, zan haƙura in san cewa wanki ne rabona.

Jikarka.

*

Jikalle,

Gaisuwa a gurguje, ido ya ƙi ba ni haɗin kai, da ƙyar na kai ƙarshen takardarki. Ga amsarki nan a kanta, buɗewa kawai za ki yi ki gani, ba ta bukatar bakina. Tun da nake koyarwa ban taɓa ƙarar da jan biro a kan aikin ɗalibi ɗaya ba sai a kanki. Kin san abin da ya rage ki yi.

Kakanki.

*

Kaka Malam,

Gaisuwa da fatan ido ya yi sauƙi. Saƙonka ya iso, na gode da ba ka ɓoye mini ba.

A ɗakin guga na buɗe ta, don na kasa jira in koma ɗaki. Ja daga sama har ƙasa, shafi bayan shafi. Insha'in da na fi alfahari da shi ma babu layin da ya tsira sai ɗaya ko biyu. Na tsaya riƙe da ita har zanin da ke ƙarƙashin guga ya fara ƙauri. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, amma ƙarar inji ta rufa mini asiri.

Akwai abin da na daɗe ina jin kunyar faɗa maka. Kurakuran da kake ɗiga wa fensir ka yi bayaninsu, waɗannan ina ganewa, ina gyarawa. Amma waɗanda kake ja wa jan layi, wallahi ko sau ɗaya ban taɓa gano abin da ya lalace a cikinsu ba. In karanta, in juya, in sake rubuta jimlar ta wata hanya a wani littafi, in kwatanta, ban ga komai ba. Na so in tambaye ka, sai in tuna idonka, in ce tsoho na fama da madubi a bakin taga, kuma in ce ya bi mini kowane layi? A makaranta ma haka littafina yake dawowa, ja ko'ina, amma can aƙalla ina gane laifina. Wadda ko kuskurenta ba ta iya gani, kuma kullum ƙaruwa yake, me za ta je yi a ɗakin jarrabawa?

Don haka na bi abin da na gani. Ba zan yi rajista ba. Takardar na ninke ta na tura ƙasan akwati, na sake sauke na bango su ma. Ka yafe mini biron da na ƙarar maka da hasken idon da na ci maka a banza. Ba laifinka ba ne, ka yi iya yinka, kan ne ba ya ɗauka.

In ba damuwa, ka riƙa rubuto mini ko layi biyu ne, ba na darasi ba. Na saba.

Jikarka.

*

Kaka Malam,

Ina gaisuwa. Shiru ya yi yawa. Ko jikin ne? Ko fushi ka yi don na watsar? In fushi ne kana da gaskiya, amma ka faɗa mini da bakinka, ya fi mini wannan shirun. Na tambayi Inna, ta ce ita ma ba ta da labarinka.

Har yanzu ina zuwa ofis ranar raba wasiƙu. Akawu ya koma girgiza mini kai tun daga nesa, don kada in wahala ƙarasowa.

A wannan makon ake rufe rajista. Wata da muke guga tare ta je ta yi wa ɗanta, ta dawo tana ba da labarin cunkoson da ta tarar. Na ce mata Allah ya ba da sa'a. Ɗakin ya koma yadda yake kafin in san ka, sai dai yanzu na fi jin shirunsa.

Allah ya ba ka lafiya.

Jikarka.

*

Jikalle,

Ban san ta inda zan fara gaishe ki ba. Yau na dawo gida. Washegarin da na aika miki takardar nan kawunki ya iso ba sanarwa, ya sa ni a mota. An yi aikin, aka hana ni karatu da rubutu, aka hana ni dawowa sai da ido ya washe. Ina buɗe ƙofa na taka wasiƙunki biyu a ƙasa. Su ne abu na farko da na karanta da sabon idon, da ma ban gani ba.

Ki saurare ni da kyau. Jan layina ba kuskure ba ne. Jimlar da ta yi kyau nake ja wa jan layi. Kuskure ɗigon fensir ne a gefe, shi ke nan, babu wani. Ba ki gano laifin waɗannan jimloli ba domin ba su da laifi.

Tun ina sabon malami na lura in aka miƙa wa yaro littafinsa, ja idonsa ke fara kamawa, ya yi ta kallon kuskurensa har ya haddace shi. Sai na ce to bari jan ya koma kan abin da ya yi daidai, ya haddace wannan. A farkon kowace shekara nakan tsaya gaban aji in yi bayani. Daga baya ma ba sai na yi ba, yayye sun riga sun gaya wa ƙanne, iyaye sun gaya wa 'ya'ya. A unguwar nan ko mai gyaran keke ya san jan layin Malam. Na tsufa a cikin abin har na manta akwai wanda bai sani ba. Ke ba ki taɓa zama a ajina ba, kuma ban faɗa miki ba. Da kika ce an yanka kaza, na ɗauka fariya kike yi mini. Mai shago da ya girgiza kai, sha'awa ce ta kama shi.

Jarrabawar gwajin nan, ɗigon fensir ɗin da ke cikinta bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Da ni ke ba da sakamako, da kin wuce da maki mai kyau, ba na tausayi ba. Da na ce kin san abin da ya rage ki yi, ofishin rajista nake nufi. Ina can kwance da ido a ɗaure ina ta hasashen kin je kin dawo, ina jin daɗi ni kaɗai.

Na duba hatimin gidan waya a ambulan ɗinki, na ga ranar ta wuce. Amma wani lokaci sukan ƙara 'yan kwanaki. Ki ajiye guga ki je yanzu. Ki roƙi akawun rajista, ki nemi na sama da shi, ki tafi da takardar nan ki ce wani tsohon wawa ne ya jawo. Ki je makarantar jinyar ma ki tambaya ko za su ɗaga miki ƙafa shekara ɗaya.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da kaina nake fushi. Ki rubuto mini ko zagi ne.

Kakanki Malam.

*

Kaka Malam,

Ina gaisuwa. Na yi murna da ido ya buɗe, Allah ya ƙara sauƙi. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, da gangan na yi. Na ɗauki biro ban san sau nawa ba ina ajiyewa, don abin da ke bakina a lokacin bai dace jika ta faɗa wa kakanta ba.

Na je. Ranar da wasiƙarka ta iso na nemi izini wajen shugabarmu, ko rigar aiki ban cire ba. Akawun rajista mutumin kirki ne, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce sun ƙara kwanaki kam, amma ƙarin ma ya ƙare, sunaye sun riga sun tafi. Na ga na sama da shi, ya faɗa mini haka a tsaye. Makarantar jinya kuma suka ce dokar shekaru ba a hannunsu take ba. Matar da ke wurin ta ce in yi haƙuri, ta kira na bayana.

Na ji haushinka, Kaka, haushi mai tsanani. Layi ɗaya ya isa ka faɗa mini tun a wasiƙar farko. Daga baya na ji haushin kaina, don ni ma layi ɗaya ya isa in tambaya, kunya ta hana ni. Kai kana tattalin yininka, ni ina tattalin idonka, ga inda muka kai.

Da na dawo ɗaki na jawo akwati na ciro takardun duka, tun daga na farko. Na shimfiɗa su a kan gado bi da bi, na bi jan layukan ina karantawa, wannan karon da sanin abin da suke. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ashe tun tuni kake ce mini na iya, kowane mako da ƙarfi fiye da na baya, ni kuwa ina nan ina jin zagi. Tun da nake ba wanda ya taɓa zama ya nuna mini wurin da na yi daidai. Abin ya yi mini daɗi, ya kuma yi mini ciwo, ban san wanda ya fi ba.

Jiya aka liƙa sunayen masu zama jarrabawa a allon ofis. Na tsaya na karanta tun daga sama har ƙasa, ko da yake na san babu nawa. Sannan na koma bakin aiki.

Kada ka sa abin a ranka har ya taɓa maka lafiya. Na huce, ko in ce ina hucewa. Ban san me zan yi da Turancin nan yanzu ba, amma ga shafin wannan makon na sa a ciki, don na kasa zama ranar hutu ban rubuta ba. Ka duba shi in ido ya yarda, ka raba shi uku ma in ka so. Babu sauri yanzu, Kaka, ba ranar da za a rufe.

Jikarka ta ɗakin wanki.